Aninin da Aka Ɗinke a Fata

Tun da na buɗe ido na ga Inna, mahaifiyata, da laya a wuya. 'Yar ƙarama ce, mai kusurwa huɗu, fatar ta yi baƙi ta yi santsi saboda daɗewa. In za ta shiga bayan gida sai ta cire ta ta rataye a ƙusa, in ta fito ta wanke hannu sannan ta mayar. Ni ɗan farinta ne, ba ma doguwar hira, don haka a bakin ƙannena na ji asalin layar.

Mahaifinta malamin allo ne a wani ƙauye ta wajen Baure. Tana 'yar shekara huɗu ko biyar ya ɗauki buzunsa da sandarsa bayan an gama girbi, ya nufi gabas a ƙafa zai sauke farali, kamar yadda mutanen lokacin suke yi. Bai dawo ba, kuma ba a taɓa samun wanda ya ce ga inda aka binne shi ba. Uwarta ce ta rataya mata layar, ta ce abin da babanta ya bar mata ke nan. Inna ta girma da yaƙinin cewa addu'a ce ya zauna ya rubuta mata da hannunsa kafin ya tafi. Ba ta taɓa tunanin dubawa ba, don kowa ya san ba a buɗe laya. Ko kamanninsa ba ta iya tunawa. Wannan addu'ar da ba ta taɓa gani ba ita ce kaɗai abin da take da shi nasa.

Da ciwon gwiwa ya matsa mata na dawo da ita wurina a Daura. Wata safiya da damina, ta idar da alwala tana gyara ɗankwali, sai ɗinkin layar ya saki. Wani abu ya faɗo kan siminti ya yi ƙara, ya gangara ƙarƙashin randa. Matata ce ta durƙusa ta zaro shi. Babu takarda ko guntuwa a cikin fatar. Anini ne kawai, irin mai huji a tsakiya ɗin nan, ya yi baƙi ƙirin.

Inna ta karɓa ta jujjuya shi a tafin hannunta. Ta san anini sarai, ta sha kashe shi tana yarinya. Amma nan take ta yanke hukunci cewa wannan ba aninin kasuwa ba ne. Malami guda ba zai ɗinke wa 'yarsa anini kawai ya tafi ba. Ta ce tana jin tudun rubutu da yatsanta, kuma da alama Larabci ne, ga tauraro irin na hatimi a baya. Lalle akwai abin da ya zana a kai. Na kai shi hasken rana na ƙura masa ido, na ga burbushin haruffa a ƙarƙashin dauɗar, amma ban iya haɗa su ba. A raina na san amsar. Ban dai da ƙarfin halin faɗa.

Kwana huɗu Inna ba ta ci abincin kirki ba. Ta ƙulle aninin a hankici, ta kwance, ta sake ƙullewa. Jikokinta duk ta sa sun gwada idonsu. Daga ƙarshe maƙwabciyarmu ta ba ta labarin wani Alhaji da ya mayar da zaurensa gidan tarihin kuɗi, can unguwar da ke bayan Kusugu. Inna ta aiko ƙanwata ta gaya mini in kai ta.

Na san mutumin daga nesa. Tsohon ma'aikacin banki ne da ya yi ritaya, kuma gari ya daɗe yana yi masa dariya, wai ya tara dukiyar da ko gishiri ba za ta saya ba. Ni ma na sha sa baki a dariyar, ba zan ɓoye ba. Ranar da ya kamata in kai Inna sai na yi mata ƙaryar aiki, na tafi ni kaɗai. Na same shi a ƙofar gida yana gyara tabarau da zare. Bayan gaisuwa na zayyana masa komai, na roƙe shi alfarma ɗaya: in tsohuwar ta zo, ya ce mata addu'ar tsari ce a jiki. Wa zai cutu? Shekarunta sun kusa tamanin.

Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba. Sannan ya ce, "Malam, duk zamana a bayan kanta ban taɓa miƙa wa mutum jabu ba. Ba zan fara da mahaifiyarka ba. Ka dai kawo ta."

Na tashi raina a ɓace. A hanya har ina ce wa kaina, dama mutumin da ya ƙare rayuwarsa da ƙarafa ina zai san zafin zuciyar mutum. Na yi niyyar in ce wa Inna ya yi tafiya. Da na shiga gida na tarar ta riga ta sa an goge mata mayafinta na zuwa unguwa, an ninke an ajiye a gefen gado. Sai na fasa.

Washegari da hantsi muka hau adaidaita. Alhajin ya fito har bakin titi ya tarbe mu, ya rusuna ya gaishe ta, ya kira ta Inna kamar shi ta haifa. Ya riga ya shimfiɗa mata darduma, ya kawo kujera mai hannu saboda gwiwarta. Zauren ya fi yadda nake zato girma, don ya fasa bango ya haɗa shi da ɗakin da ke ciki. Kantocin gilashi ne jere, irin na masu sayar da agogo, an shimfiɗa koren ƙyalle a ciki. Kowane kuɗi da 'yar takardarsa a ƙasa, sama da boko, ƙasa da ajami, da rubutu mai kyau kamar na ɗab'i. Ba ƙura ko kaɗan. Wurin yana ƙanshin turaren wuta da man goge katako.

Inna ta fara kwance hankicinta, sai ya ce ta dakata tukuna, baƙo ba ya shiga gida ya wuce mutanen gida bai gaishe su ba. Ya jawo kujerarta gaban kanta na farko.

Wuri ne a ciki, farare, wasu a zube, wasu a shirye a igiya. Ya fara bayanin cewa kalmar kuɗi ma jam'in wuri ce, Inna ta ce wannan ai ko akuya ta sani, ya faɗi wani abin. Ya yi dariya ya ce to, ta san dalilin da ya sa ake ce wa rabin kwabo ɗari? Ta ce a'a. Ya ce saboda da Turawa suka kawo shi, da wuri ɗari ake musanya shi, sunan ya bi shi har bayan an daina karɓar wurin. Inna ta gyaɗa kai a hankali, ta ce yau ta ƙaru. Ni da na yi shekaru ina koyar da yara a firamare, ban taɓa tambayar kaina wannan ba.

Daga nan sai liyari, babban kuɗin azurfa da fatake suke kawowa ta hamada tun kafin zuwan Turawa. Akwai hoton wata mace mai jiki a kai. Inna ta leƙa ta ce wannan baiwar Allah ta ƙoshi, sai dai ba a ba ta aron mayafin kirki ba. Alhaji ya ce da ƙyar ya ceto shi daga hannun wani maƙerin azurfa da ya riga ya hura wuta zai narka shi ya yi awarwaro. Ya buɗe gilashin, ya ɗora kuɗin a kan ɗan yatsa, ya ƙwanƙwasa shi da wani. Wata siririyar ƙara ta tashi ta daɗe tana yawo a ɗakin kafin ta mutu. Ya ɗauko wani mai kama da shi sak ya buga, sai ya yi wani irin amo kamar an jefar da murfin gwangwani. Ya ce wannan na biyun jabu ne, shi ma yana ajiye shi, don ƙarya ma tana da tarihinta. Bai kalle ni ba da ya faɗi haka, amma na ji kunnena ya yi zafi.

Haka muka bi su ɗaya bayan ɗaya: kwabo mai huji, ɗari, taro, sisi, sule, da kuɗin Faransa masu huji da yake samowa a kasuwar Mai'adua wurin mutanen tsallaken iyaka. Wasu an liƙa musu 'yar kunne ta ƙarfe, ya ce daga kitson matan Fulani suka fito. Ya san inda ya samo kowanne, da hannun wanda ya fito, da abin da mutumin ya ce lokacin da zai rabu da shi. Ba ya sauri, ba ya kuma nuna ya fi kowa sani. In ya ɗauki kuɗi, ta gefe yake riƙe shi da yatsu biyu, yadda ake riƙe ƙwai.

Wanda ya fi ji da shi yana cikin wani ɗan akwati shi kaɗai. Anini ne na farko-farkon da aka kawo ƙasar nan, da irin ƙarfen tukunyar dalma aka yi shi. Ya ce Inna ta rufe ido ta buɗe hannu. Ta yi. Ya ɗora mata, ta jira, ta ce ya sa mana. Ya ce ai ya sa tun ɗazu. Ta buɗe ido ta gan shi zaune a tafinta, fari fat, ba nauyi ko kaɗan. Ya ce ba su daɗe ana kashe su ba, don ƙasa da gumi suna cinye su, aka sauya ƙarfen, shi ya sa samun mai lafiya irin wannan yake da wuya. A ƙasan kwallar wata tsohuwa aka tsince shi bayan rasuwarta. Inna ta mayar masa da hannu biyu.

Can sai ga wani kwabo da ya sha bamban da sauran: gefe ɗaya ya goge sumul, ɗayan kuwa rubutunsa raɗau. A takardarsa Alhaji ya rubuta cewa ba a san dalili ba. Inna ta kalle shi sau ɗaya ta ce wannan ai kwabon cibiya ne. In jariri ya fito da ƙatuwar cibiya, shi ake ɗora masa a ɗaure da tsumma, ana shafa man kaɗe. Gida guda sai ya yi wa yara goma aiki, har maƙwabta su zo aro, kuma kullum fuska ɗaya ake kifawa. Alhaji ya tsaya baki buɗe. Ya ruga ya ɗauko wani littafi mai baƙin bango, ya durƙusa a gabanta kan darduma da girmansa, ya ce ta maimaita a hankali. Daga nan aiki ya juya. Duk kuɗin da ya nuna sai ya tambaye ta me yake saya a zamaninta, ita kuma tana faɗa yana rubutawa. Na ga Inna ta miƙe zaune, muryarta ta dawo, har tana gyara masa rubutu. Na daɗe ban gan ta haka ba, kuma na ji mutumin ya shiga raina duk da haushinsa da na zo da shi.

Sai da muka gama zagaye sannan ya ce ta kawo nata. Ya wanke hannu, ya kawo ruwan ɗumi a ƙaramin kwano da sabulu da tsohon buroshin haƙori mai laushi. Inna ta ce da ya sa toka da lemon tsami da tuni ya yi fes. Ya ce a'a, datti kawai zai cire, baƙin da ya kama jikin ƙarfen shekarunsa ne, ba a taɓa shi. Ya daɗe yana wankewa. Ya tsane shi da farin ƙyalle, ya duba da madubin ƙara girma, ciki da baya da gefe, har cikin hujin. Ni dai ina ta yi masa ido, ya ƙi kallona.

Ya jawo faifan da ya jera aninai a kai, ya buɗa wuri a tsakiyarsu ya ajiye nata, ya miƙa mata madubin. Inna ta sunkuya. Karatun allonta yana nan, na ji tana kiran haruffan ƙasa-ƙasa yadda aka koya mata: an baki wofi, shin mai ruwa, ra. Ta matsa kan na kusa da shi, ta kira su. Ta matsa kan na gaba. Ta koma kan nata. Ta ajiye madubin a cinyarta.

Ta ce, "Alhaji, me aka ce a nan?"

Ya ce, "Ushirar kwabo, Inna. Ɗaya cikin goma na kwabo. An rubuta da Larabci ne don mutanenmu su iya karanta darajarsa."

"Tauraron fa?"

"Duk 'yan'uwansa suna da shi."

"Ba abin da aka ƙara da hannu? Ko ɗigo?"

"Na duba ko'ina. Babu."

Inna ta zuba wa faifan ido. Na ga tsufanta gaba ɗaya ya sauko mata a fuska. A lokacin da ina da iko da na fasa kantocin nan duka. Na miƙe zan ce ta tashi mu tafi.

Alhaji yana nan durƙushe da littafinsa. Cikin sanyin murya ya ce saura wannan ne kaɗai ba ta gaya masa ba: shi anini, me yake saya? Har yau ban sani ba ko da gangan ya yi tambayar, ko kuwa aikinsa kawai yake ƙarasawa.

Inna ta amsa ba tare da ta ɗago ba. Ta ce anini ai kuɗin yara ne, ba ya sayen komai sai ƙuli-ƙuli ko alewa. Sai ta tsaya. Ta ɗaga hannun dama ta dunƙule shi tana kallo, kamar na wani ne.

Da ta fara magana, ba da mu take ba. Ta ce akwai wata safiya da ta daɗe tana gani a ranta, ba ta san ta mece ce ba. Tana riƙe da gefen wata farar riga tana kuka, mutane sun taru a ƙofar gida. Aka ɓamɓare yatsunta daga rigar, aka sa mata wani abu mai sanyi a hannu, aka rufe hannun, aka juya ta aka nuna mata gidan mai alewa a ƙarshen lungu. Ta sheƙa da gudu. Ta tarar matar ba ta ko sauke tukunya ba, aka ce ta dawo an jima. Ta dawo gida da gudu don ta ba da labari, ta tarar ƙofar gida ba kowa sai uwarta zaune a dakali. Ta ce an sha ba ta labari cewa ta yi kwanaki ba ta yarda ta buɗe hannunta ba, ko a wurin wanka, amma ba wanda ya taɓa gaya mata abin da ke ciki. Ashe uwarta ce ta kai wa baduku ya ɗinke, don kada ta haɗiye shi ko ta yar.

Ta yi wata 'yar dariya, hawaye na bin kuncinta. Ta ce, "Wayo ya yi mini. Duk shekarun nan ina cewa mutumin Allah ne, ya sa kai ya tafi ko waiwaye bai yi ba. Ashe kukana ne ya kasa tsayawa ya gani."

Alhaji ya rufe littafin, bai rubuta wannan ba. Ya ɗauko aninin daga cikin 'yan'uwansa, bai ko yi kuskuren ɗaukar wani ba, ya sa mata a hannu. Na yi zaton zai roƙe ta ta bar masa, sai ya ce irin wannan yana da su da yawa, wurinta ya fi dacewa da shi. Inna ta sa masa albarka mai tsawo, har da iyayensa da zuriyarsa. Da zan fita na riƙe hannunsa. Ya ce in riƙa kawo ta, akwai sauran abubuwan da yake so ya tambaye ta. Na yi kunyar abin da na roƙe shi, na kuma gode wa Allah da bai biye mini ba.

A adaidaita Inna tana ta kallon titi. Mun kusa kwanar gidanmu sai ta taɓa kafaɗar direban ta ce ya tsaya. Wata mata ce zaune a gindin bishiya da tiren alewa a rufe da leda. Na sa hannu a aljihu, Inna ta harare ni, ta kwance bakin zaninta ta biya da kanta. Guda ɗaya ta saya. Haƙoranta ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, kuma likita ya hana ta zaƙi, na buɗe baki zan tuna mata sai na fasa. Ta gutsura ta sa a kunci, ta ce ta yanzu sukari ya yi mata yawa. Direban yana jira, injin yana ta kaɗawa, ita kuwa ba ta ce a tafi ba sai da ta shanye ta duka.